Zirin Kersonis a yaƙe-yaƙen Girkawa: ganuwa ce ke riƙe shi ko jiragen ruwa?

Mai Taswira:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so mu tattauna kan zirin ƙasar da Girkawan dā ke kira Kersonis ta Tirakiya, wanda yau yake cikin Turkiyya da sunan Gelibolu ko Galifoli. Doguwar ƙasa ce siririya kamar harshe, ta fito daga gaɓar Turai ta miƙe kudu maso yamma, mashigin Dardanel, wanda su ke kira Helesfon, yana kwance tsakaninta da Asiya. Marubucin tarihi Hirodotas ya ba da awonta: tsawo sitadiya 420, faɗin wuyanta sitadiya 36. Sitadiya ɗaya kusan mita 180 ce, wato tsawon ya kai wajen kilomita 75, wuyan kuwa kilomita 6 da rabi.

A ganina duk sirrin wurin yana wuyan nan. Wajen tsakiyar ƙarni na 6 kafin Miladiyya, ƙabilar Dolonki mazauna zirin suka gaji da harin maƙwabtansu Afsinti, suka ɗauko wani babban mutumin Atina, Miltiyadis babba, ya zame musu shugaba. Aikinsa na fari shi ne jan ganuwa daga garin Kardiya zuwa Faktiye, teku zuwa teku. Wajen shekara ta 447 Ferikilis, jagoran Atina, ya kai 'yan Atina 1,000 ya ba su gonaki, ya sake ƙarfafa wuyan. A 398 kuma kwamandan Sifarta, Derkilidas, ya sake gina ganuwar. Sau uku, kuma daga birane biyu masu gaba da juna. Abin da manyan mayaƙa suka yi ta maimaitawa haka, ai shi ne mabuɗin.

Ɗan Fito:
Wa alaikumus salam Malam. Tarihin da ka jero daidai ne, amma hukuncin da ka fitar ban yarda da shi ba. Ganuwar ta tsare manoma da dabbobinsu daga mahayan Tirakiya masu zuwa kwasar ganima su koma. Iyakar aikinta ke nan. Atina da Sifarta ba kan gonakin zirin suka zubar da jini ba, kan ruwan da ke gefensa ne. Ka duba halin mashigin: ruwan sama-sama kullum gangarowa yake daga Bahar Aswad ta tekun Marmara zuwa tekun Ejiyan, kuma a wurin da ya fi matsewa, inda faɗin bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba, gudunsa yana da ƙarfi ƙwarai. Da bazararsu kuma iska daga arewa maso gabas take kaɗawa kusan kullum. Jirgin fatake mai dogaro da iska, idan zai haura, ruwa da iska duk suna gaba da shi. Dole ya tsaya a bakin mashigin, a tsibirin Tenedos ko Imbros ko garin Elayus da ke ƙarshen zirin, ya jira iskar kudu. Idan kuma zai gangaro da kaya, ba shi da wata hanya sai ta gaban Sestos da Abidos, garuruwa biyu da ke fuskantar juna a matsatsin mashigin, Sestos a gefen Turai, Abidos a gefen Asiya. Wanda ya ajiye jiragen yaƙi ashirin a Sestos ya kama wuyan kowa, ko akwai ganuwa ko babu.

Ummu Sadik:
Bari in sa lissafi a maganar Ɗan Fito, don a ga girman abin da ke bi ta ruwan. Ƙasar Atika, wato yankin Atina, ba ta noma abin da zai ciyar da mutanenta, zaitun da inabi da ɗan sha'ir ta fi bayarwa. Dimostenis, ɗan siyasar Atina, a wani jawabi da ya yi wajen 355, ya ce hatsin da ke zuwa daga masarautar Bosforos, wato yankin Kirimiya na yau, ya kai medimnos 400,000 a shekara, kuma ya ce abin da ke fitowa daga Bahar Aswad ya yi daidai da na sauran kasuwanni duka a haɗe. Medimnos ɗaya lita 52 ce, alkama a cikinta kusan kilo 40. Wato tan 16,000, ko buhu 160,000 mai cin kilo ɗari. Abincin namiji baligi a rana mudu ɗaya ne da suke kira koiniks, kashi ɗaya cikin 48 na medimnos, don haka mutum ɗaya yana cin medimnos 7 da rabi da ɗan ɗori a shekara. Ka raba, za ka ga abincin mutum sama da 50,000 ne na shekara guda. Shi ya sa Aristotal ya kawo maganar wani mai jawabi da ya kira Sestos faifan garin alkama na Firayus, tashar jiragen ruwan Atina.

Gaskiya alƙaluman na ƙarni na 4 ne, kuma Dimostenis yana kare wata manufa ce lokacin da ya faɗe su. Amma abin da ya faru a 405 ya nuna dogaron ya riga ya yi nisa tun kafin nan.

Mai Taswira:
Na gode Hajiya. To amma jiragen nan ashirin a ina za su kwana? A Sestos. Idan mahayan Tirakiya suka shigo ta wuya suka ƙone gonakin Sestos, me matuƙan za su ci?

Ɗan Fito:
Wannan tambayar ta yi, kuma a nan na yarda ganuwa tana da amfani: tana tsare kasuwar da jirage ke ci. Sai dai a fahimci yadda jirgin yaƙinsu yake, wanda ake kira tirayim. Tsawonsa wajen mita 37, faɗi bai kai 6 ba. Matuƙa 170 a hawa uku, 62 a sama, 54 a tsakiya, 54 a ƙasa. Ga sojoji 10 masu sulke, maharba 4, da ma'aikatan jirgi, jimla mutum 200. Babu ɗakin kwana, babu murhu, babu wurin ajiye abincin mako guda. Makaminsa ƙahon tagulla ne a goshi da ake soke cikin jirgin abokin gaba, saboda haka komai nasa an yi shi ne don sauƙin nauyi da gudu. Da rana a tsaya a gaɓa a ci abinci, da dare a tsaya a kwana. Albashi ake ba matuƙi, shi zai je kasuwa ya sayi garin sha'ir da albasa da zaitun. Katakon kuma idan ya daɗe cikin ruwa yana jiƙewa ya yi nauyi, tsutsar ruwa tana cinsa, sai an ja shi tudu ya bushe.

Ma'anar wannan ita ce rundunar ruwa ba ta iya tsare teku daga tsakiyar teku. Sai ta samu gaɓa mai abu uku: wurin jan jirgi, ruwan sha, da kasuwa a kusa. A gefen Turai na mashigin, Sestos ce ta haɗa ukun.

Malam Na-Birni:
Madalla da ku duka. Ina so in mayar da ku baya kaɗan, domin gabar Atina da Sifarta kanta a kan wannan zirin ta fara nuna kai. A 480 Sarkin Farisa Zaksis ya ɗaura gada daga Abidos zuwa wani tsauni tsakanin Sestos da Maditos, tazarar sitadiya 7. Gadar farko guguwa ta tsinka ta. A wancan karon Finikiyawa sun yi tasu da igiyar lilin zalla, Misirawa kuma da igiyar ciyawar fafiros zalla. A karo na biyu aka gyara aikin: aka jera jirage 360 a gadar da ke ɓangaren Bahar Aswad, 314 a ɗayar, aka saukar da manyan anka gaba da baya saboda iskar da ke zuwa ta fuskoki biyu, aka bar kafofi don ƙananan jirage su wuce. Kowace gada aka ba ta igiya shida a gauraye, biyu na lilin, huɗu na fafiros, aka ɗaure su tamau daga gaɓa da na'urar murɗawa ta katako. Sannan aka shimfiɗa gumagumai a kan igiyoyin, aka zuba rassa, aka zuba ƙasa aka daddaɓe, aka kafa shinge hagu da dama don kada dawakai da dabbobin kaya su ga ruwa su firgita. Hirodotas ya ce kwana bakwai dare da rana rundunar tana tsallakawa.

Bayan an karya Farisawa a Mikale a 479, rundunar Girkawa ta zo ta rushe gadar, ta tarar ta riga ta watse. Sarkin Sifarta Liyotikidas ya ce aiki ya ƙare, ya kwashi mutanen Felofonis, wato yankin Sifarta da ƙawayenta, suka koma gida. 'Yan Atina ƙarƙashin Zantifos, mahaifin Ferikilis, suka ce ba su tafiya sai sun karɓi Sestos. Suka yi mata ƙawanya har sanyi ya shigo, sojoji suna ƙorafi a koma gida, kwamandoji suka ƙi. A cikin garin yunwa ta kai mutane suna dafa igiyoyin fatar gadajensu suna ci. Daga ƙarshe Farisawa suka sulale da dare, aka kamo gwamnansu Artayiktis aka kafe shi a jikin katako, aka kwashi igiyoyin gadar aka kai Atina. Tun daga ranar Sifarta ta nuna ita ƙasar tudu ce, Atina kuma ta nuna inda idonta yake. Shekara ɗaya ko biyu bayan haka aka kafa ƙawancen Delos a ƙarƙashin Atina.

Ummu Sadik:
Allah ya ƙara sani Malam. Kuma Sifarta ta daɗe ba ta gane ba. A shekarun farko na yaƙin Felofonis tsakaninta da Atina, daga 431 zuwa 425, tana ta shiga Atika tana sare gonaki. Daga 413 ma ta kafa sansani na dindindin a Dekeliya, cikin Atika. Amma Atina tana da dogayen ganuwa biyu, kowace kusan kilomita 6, da suka haɗa birni da tashar Firayus, hatsi yana shigowa ta ruwa. Marubucin tarihi Zenofon ya ba da labarin Sarkin Sifarta Agis yana Dekeliya yana hango jiragen hatsi suna shiga Firayus, ya ce tsare ƙasa aikin banza ne muddin ba a toshe inda hatsin ke fitowa ba, aka tura Kiliyarkos da jirage 15 zuwa Bizantiyom, wato Istanbul ta yau. Abin da ya hana su tun farko kuɗi ne. Jirgi ɗaya, mutum 200, idan kowa yana karɓar dirakma ɗaya a rana, wata guda dirakma 6,000 ne, wato talanti ɗaya cif. Ko a rabin albashi, obol 3 a rana, jirgi ɗari yana cin talanti 50 kowane wata. Sifarta ba ta da wannan sai da Farisa ta buɗe baitulmali daga 412.

Baban Hanifa:
Ni abin da nake so a duba shi ne yadda siffar gaɓar kanta ke yanke hukuncin yaƙi. Misali Kinosema a 411. A shekarar ne Derkilidas, wannan dai da Mai Taswira ya ambata, ya bi ta ƙasa ya ɓalle Abidos daga Atina, 'yan Atina suka mayar da Sestos sansanin tsaron mashigin. Mindaros na Sifarta ya zo da jirage 86, Tirasibulos da Tirasilos na Atina suna da 76. 'Yan Atina suka jeru a gefen zirin, 'yan Felofonis a gefen Asiya. Mindaros ya so ya zagaye hannun daman 'yan Atina ya hana su fita teku, suka miƙa layinsu don su hana shi, hannun hagu kuma ya riga ya wuce ƙusurwar tsaunin Kinosema. Tsakiya ta yi siriri, kuma saboda ƙusurwar, na wannan gefe ba sa ganin abin da ke faruwa a wancan. Aka tura tsakiyar har tudu. Kuskuren da ya biyo baya na masu nasara ne: suka watse kowa yana bin jirgin da ya ga dama, layinsu ya lalace. Tirasibulos ya juyo da hannun dama ya afka musu a warwatse. Atina ta kama jirage 21, ta rasa 15. Riba kaɗan ce a lissafi, amma a shekarar da tsibirin Yubiya ya ɓalle daga Atina, da sun faɗi a nan da yaƙin ya ƙare tun 411. Shekara ta gaba suka hallaka rundunar Mindaros a Kizikos, suka kafa wurin karɓar ushirin kaya a Kirisofolis kan duk jirgin da ya fito daga Bahar Aswad.

Ɗan Fito:
To ga inda nake son mu zo, Aigosfotamoi, wato Rafukan Awaki, ƙarshen bazarar 405. Lisanda, kwamandan rundunar ruwan Sifarta, ya shigo mashigin ya ci Lamsakos a gefen Asiya, gari mai tasha, cike da hatsi da inabi. 'Yan Atina suka biyo shi da jirage 180. Suka tsaya Elayus, suka wuce Sestos suka ɗauki guzuri, sannan suka haura suka sauka a bakin rafin nan, daura da Lamsakos. Wurin rairayi ne kawai, ba gari, ba tasha, ba kasuwa.

Ku yi lissafin da Hajiya ta koya mana. Jirgi 180 sau 200, mutum 36,000. Mudu ɗaya kowa a rana, medimnos 750 ke nan kullum, kusan tan 30 idan alkama ce, ban da ruwan sha. Babu ƙauyen da zai fitar da wannan. Dole mutane su bazu neman abinci, wasu har Sestos.

Kowace safiya sai su fito su jera a gaban Lamsakos suna neman faɗa. Lisanda yana sa mutanensa su shiga jirage tun asuba, a shirye tsaf, amma ba wanda zai motsa. Da yamma 'yan Atina su koma, sai ya sa jirage masu sauri su bi bayansu su ga abin da suke yi, kuma ba ya sallamar nasa mutanen sai 'yan leƙen sun dawo. Kwana huɗu ana haka. Alkibiyadis, tsohon kwamandan Atina, wanda a lokacin yake zaune a wata ganuwarsa a zirin bayan an raba shi da mulkin runduna, ya zo ya ce musu su koma Sestos inda akwai tasha da gari. Kwamandoji, musamman Tidiyos da Menandaros, suka ce ya tafi, yanzu su ne kwamandoji. A rana ta biyar Lisanda ya ce wa 'yan leƙen, da zarar sun ga mutane sun sauka sun watse, su juyo su ɗaga garkuwa a tsakiyar ruwa. Suna ɗagawa ya taso da rundunar duka. Konon, ɗaya daga kwamandojin Atina, ya hango ya buga gangami, amma wasu jiragen hawa biyu ne kawai ke da matuƙa, wasu hawa ɗaya, wasu wayam. Jirage 9 suka tsira, takwas na Konon da jirgin saƙon gwamnati mai suna Faralos. Sauran a kan rairayi aka kama su.

Mai Taswira:
Amma Ɗan Fito, mutum shida ne ke jagorancin rundunar, ba yara ba ne. Me ya sa suka ƙi Sestos? Ni ban gamsu da cewa girman kai ne kawai ba.

Baban Hanifa:
Suna da dalili, Malam. Sestos tana ƙasa da Lamsakos a bin ruwa. Daga can ba ka ganin abin da Lisanda ke yi, kuma kafin ka hauro gaba da ruwa matuƙanka sun gaji. Shi kuwa zai iya zamewa ya shiga Marmara ya nufi Bizantiyom, a daidai lokacin da jiragen hatsi ke taruwa don gangarowa. Ga kuma aljihu: ko a obol 3, rundunar tana cin talanti 90 a wata, baitulmalin Atina ya bushe har an narkar da gumakan zinariya an buga kuɗi. Lisanda kuwa Sairus ɗan Sarkin Farisa ne ke biyansa, tun 407 ya sa an ɗaga albashin matuƙa daga obol 3 zuwa 4, matuƙan haya suna gudowa wurinsa. Wanda ke da kuɗi da kasuwa zai iya jira, su ba za su iya ba. Kada kuma a manta shekara ɗaya kafin nan majalisar Atina ta kashe kwamandoji shida da suka ci yaƙin Arginusai. Kwamandan da ya ga haka zai ji tsoron a ce ya ja da baya.

Laifinsu na gaskiya a tsari yake. Tunda sun zaɓi rairayin, sai su raba fita neman abinci kashi-kashi, a bar rabin jirage da cikakkun matuƙa a kan ruwa har dare, a sa masu gadi a kan tudu, a kuma kori jiragen leƙen da ke binsu kullum. Ba su yi ko ɗaya ba, kuma suka riƙa komawa a lokaci ɗaya kowace rana har abokin gaba ya haddace.

Malam Na-Birni:
A ƙara da cewa marubucin tarihi Diyodoros ya kawo labarin da wata siga: Filokilis, ɗaya daga kwamandojin Atina, ya fita da jirage 30, sauran ba su gama shiri ba, Lisanda ya ji daga bakin waɗanda suka gudo daga rundunar Atina ya afka masa. Akwai kuma zargin cin amana da aka ɗora wa kwamanda Adimantos, saboda shi kaɗai aka bari da rai cikin 'yan Atina da aka kama. Ni na fi karkata ga Zenofon don a zamaninsa abin ya faru, kuma bayaninsa bai buƙatar maci amana, yunwa da sakaci sun isa. Fursunonin Atina wajen 3,000 aka kashe a Lamsakos. Abin da Lisanda ya yi bayan nan shi ke tabbatar da maganar Ummu Sadik: ya karɓi Bizantiyom da Kalkedon, duk ɗan Atina da ya samu a ko'ina ya ba shi izinin tafiya gida kawai, don bakuna su yi yawa a birni abinci ya ƙare da wuri. A farkon bazarar 404 Atina ta miƙa wuya, aka rushe dogayen ganuwar, aka bar mata jirage 12.

Mai Taswira:
Na sauko rabi, ranka ya daɗe. Tsakanin Atina da Sifarta, jirgi da tasha ne. Haka aka sake gani a 387, da Antalkidas na Sifarta ya tara jirage sama da 80 a Abidos ya tare hatsi, Atina ta karɓi sulhun Sarkin Farisa, ta riƙe tsibiran Lemnos da Imbros da Sikiros da ke kan hanyar. Amma idan abokin gaba na tudu ne, wuyan ya dawo da darajarsa. Derkilidas ya auna shi ya samu sitadiya 37, ya raba wa sojoji yanki-yanki, ya sa kyauta ga waɗanda suka riga gamawa, ya fara da bazara ya gama kafin kaka, garuruwa 11 suka shiga ciki. Bayansa, duk rigimar ƙarni na 4 a kan wuyan take: Timotiyos ya samo wa Atina Sestos wajen 365, Sarkin Tirakiya Kotis ya matsa har ta kuɓuce, kwamandan Atina Karis ya ƙwato ta a 353 ya kashe mazan garin ya bautar da sauran. Amma Kardiya, wadda ke zaune a kan bakin ganuwar ta arewa, ta ƙi shiga hannun Atina ta haɗa kai da Filib na Makidoniya. Ganuwar da ƙarshenta ɗaya ke hannun abokin maƙiyinka ba ta tsare komai. Rikicin kwamandan Atina Diyofitis da mutanen Kardiya shi ya jawo jawabin Dimostenis na 341 kan zirin.

Ɗan Fito:
Na karɓi wannan gyaran, Malam. Sai dai ka lura ko Filib, da sojan ƙasa mafi ƙarfi a zamaninsa, da ya tashi yi wa Atina illa a 340, jiragen hatsi ya kama. Sun taru a Hiyeron, bakin mashigin Bosforos ta ɓangaren Bahar Aswad, jirage 230 suna jiran rakiya, Karis kuma ya tafi ganawa da gwamnonin Farisa. Filib ya tsallakar da sojoji ta tudu ya kwashe su, ya saki na waɗanda ba ya gaba da su, ya riƙe 180. A kan wannan Atina ta shelanta yaƙin da ya kai ga gwabzawar Kayironiya a 338.

Ummu Sadik:
Kuma 180 ɗin nan, idan muka ɗauka kowane yana ɗauke da medimnos 3,000, wanda awo ne da aka sani ga jirgin fatake na lokacin, ya haura medimnos rabin miliyan. Ko da wasu fatu da katako suka ɗauko, hatsin shekara guda ne ya tafi a yini ɗaya. Baban Hanifa, kai da ka fi mu bin gaɓar nan daki-daki, ina so ka buɗe mana zare na dabam kan Abidos, don mun yi ta kallon mashigin daga gefen Turai, alhali tun 411 har sulhun 386 garin yana hannun Sifarta kuma daga can ne Antalkidas ya yi aikinsa.